Yadda Na Kulle Kaina A Wajen Kwamfutar Anti Zulai

Ba zan taɓa mantawa da Lahadin nan ba, kuma ko na yi niyyar mantawa, akwai mata biyar tsakanin unguwannin Nima da Maamobi da suka ɗaukar wa kansu aikin tuna min. Har yau in na bi ta layin shagon Anti Zulai sai wata ta leƙo ta tambaye ni ko yau daga nesa za a yi gyaran ko daga kusa. In yi dariyar yaƙe in ƙara sauri. Ba na ganin laifinsu, ni na jawo wa kaina, ba wanda ya aike ni.

Bari in fara da aikina, don a nan ciwon yake. Ina aiki a wani ɗan kamfani a cikin Accra, mu ne masu kula da manyan kwamfutocin ofisoshi. Shekara shida ina wannan aiki, amma a zango, wato unguwanninmu na Hausawa, har gobe ni mai gyaran waya ne. In na fito daga masallaci sai a tare ni da wayar da ta faɗa bokiti. Wata tsohuwa ta taɓa kawo min rediyo har gida. (Na gyara kuwa, batir aka saka a juye, sai dai wannan bai taimaki sunana da komai ba.) Abin yana cina ƙwarai da gaske. Burina ko sau ɗaya ne a ga ainihin abin da na iya, a jinjina kai, a ce ashe ɗan gidan nan ba na wasa ba ne.

Anti Zulai ƙanwar mahaifiyata ce, a hannunta na yi rabin ƙuruciyata. Tana da shago a Nima, inda take da injin ado, irin wanda ake ba shi zane a filash ya zuba shi da zare a jikin yadi, ko suna, ko fure, ko tambarin ƙungiya. Manhajar da take zane da ita tsohuwa ce tukuf, tare da injin ta zo, kuma ba ta yarda ta zauna a sabuwar kwamfuta. Da tsohuwar kwamfutar shagon ta mutu, ni na haɗa mata dabara. A cikin sabuwar na gina wata kwamfutar mai tsohon tsari, wadda ba ta da gangar jiki, manhaja ce zalla, tana buɗewa kamar taga. Mu a wurin aiki VM muke ce mata. Anti ta saurari bayanina ta ce ita ba ta da lokacin wannan, ta raɗa musu suna ta waje da ta ciki, kuma gaskiya nata sunan ya fi nawa.

Ta ciki baƙuwa ce a wurin ta waje, don haka akwai wasu 'yan manhajoji da ake saka mata don su jitu. Mu tuls muke cewa, Anti kuwa kayan baƙo. Su suke sa maus ya shiga ya fita bai maƙale ba, su sa allo ya cika, su kuma buɗe wata folda guda da duka biyun suke gani. A kan wannan folda shagon yake tsaye. Anti ta yi zane a ciki, ta ajiye a foldar, ta ɗauka ta waje, ta zuba a filash, ta soka wa inji. Kayan nan kuwa suna da halinsu. In ta waje ta sabunta kanta ta bar su da tsufa, sai su fara gardama, yau allo ya tsuke, gobe folda ta ɓace. Gyaransu ba wuya. Abin da nake yi ke nan kusan kullum a ofis, ina yi ina shan shayi.

To ranar Lahadin ana sunan ɗan abokina Basiru a Madina, wata unguwa can gefen Accra. Na ci farar shadda sabuwa dal, na saɓa jakar laftof. (Kada ku tambaye ni me ya kai laftof gidan suna. Ko ɗaurin aure da ita nake zuwa, don a san ba zaman banza nake yi ba.) An raɗa suna tun da safe, an kafa rumfa a kan titi, an jera kujerun roba, ana rabon wake da shinkafa da shito, soyayyen yajin nan namu, a ganye, sifika tana ta tashi. Aka zaunar da ni kusa da kawun matar Basiru, Alhaji Issaka, wani dattijo mutumin Nijar mai sayar da takalma a kasuwar Tudu. Irin mutanen nan ne masu Hausa tsantsa, in ka ce masa “mota ya zo” irin Hausarmu ta zango, sai ya dube ka kamar ka taka masa sallaya. Muka gaisa, ya tambayi sana'ata. Na yi masa bayani na kusan minti goma, har da zane a iska. Ya saurara tsaf, ya gyaɗa kai, sannan ya zaro wayarsa ya ajiye a kan kujerar da ke gabana, ya ce ai kuwa an dace, kwana biyu ke nan ba ta caji.

Raina ya ɓaci, amma dattijo ne, na haɗiye. Ina cikin haɗiyewar ne wayata ta yi ƙara, wajen goma da rabi. Anti ce, kuma muryarta ba irin ta kullum ba.

“Injiniya, foldan nan ya ɓata. Zanen Samira yana ciki, ya ƙi fitowa.”

Nan take na san girman maganar. Ranar ake bikin Samira, 'yar Hajiya Memuna ta Maamobi, ƙawar Anti tun suna 'yan mata. Anti ta goya Samira a bayanta, kuma tun da aka sa rana ta yi alkawarin ita za ta yi mayafin da amarya za ta shiga taro da shi bayan la'asar. Sati uku tana zana shi, sunan amarya a gefe guda, fure a kusurwa huɗu, da wani siririn reshe da zai bi bakin mayafin ya zagaye. Yadin ne bai iso ba sai yammacin Asabar, shi ya sa aikin ya kai ranar biki. Injin yana buƙatar awa huɗu cur, kuma ƙarfe huɗu ake son mayafi a Maamobi. Lokaci yana nan, amma ba na wasa ba ne.

Tun da na haɗa mata kwamfutar na saka wata manhaja da nake iya leƙawa da ita daga nesa ta intanet. A ta ciki kawai na saka, don can ne matsala take yawan tasowa. Ta waje na ce sai wani satin, satin da bai zo ba har shekara biyu. Na kalli jakar laftof, na kalli wayar Alhaji Issaka da ke zaune a gabana tana jiran caji, sai son a gani ya taso min.

“Kada ki taɓa komai, Anti. Daga nan Madina zan gyara miki, minti biyar.”

Da ƙarfi na faɗa, yadda Alhaji zai ji, kuma ya ji. Na jawo wata kujera na ɗora laftof, na haɗa ta da intanet ɗin wayata. Kafin in gama, mutum bakwai ko takwas sun zagaye ni, wasu da ganyen abinci a hannu. Allon kwamfutar Anti ya bayyana a gabana. Na kira ta na sa a sifikar waya, na motsa maus, na tambaye ta me take gani. Ta ce kibiyar tana yawo da kanta. Wani ya ce ikon Allah. Wani saurayi daga baya ya ce wa abokinsa, “Cale, wannan ba ƙaramin mutum ba ne.” Alhaji Issaka ya gyara tabarau ya matso da kujerarsa. Wallahi na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Shekara shida nake jiran wannan minti.

Ga zanen nan a gabana, fayil guda ɗaya tak, an rubuta Samira. Abin da mai hankali zai yi shi ne ya kwafo shi zuwa laftof ɗinsa, ya tura wa Anti ta imel, ta buɗe a ta waje, ta zuba a filash, inji ya fara aiki. Minti biyu an gama. Gyaran folda ya jira Litinin, ba inda za ta gudu. Na ga wannan hanyar sarai, na kuma kau da kai, don tura fayil ba abin da za a taru a kalla ba ne, ko Basiru yana iyawa.

Na duba na ga abin da na zata ne. Ta waje ta sabunta kanta ranar Asabar, kayan baƙo sun tsufa. Na buɗe wurin kula da su, ya ba ni zaɓi biyu, a gyara ko a cire. Gyarawa ita ce hanya, a ɗora sabo a kan tsoho. Amma ina da 'yan kallo. Na juya na yi musu lacca, na ce ƙananan masu gyara su ne suke faci, mu da muka san aiki daga tushe muke kamawa, a share komai a sake sabo fes. Na danna cire. Kwamfutar ta tambaye ni ko na tabbata. (Ita ma baiwar Allah ta yi iya ƙoƙarinta.) Na ce na tabbata, har da ɗaga yatsa sama kafin in sauke shi a kan maɓallin.

Wani ɗan layi ya fara tafiya a allon, ya kai rabi, ya tsaya. Kibiyar ma ta tsaya. Can sai rubutu ya fito cewa hanya ta katse. Na ce wa jama'a kada su damu, tana sake tashi ne, yanzu za ta dawo. Minti ɗaya. Minti uku. Na sake gwada shiga, shiru. A minti na biyar ne abin ya faɗo min a rai, na ji kamar an watsa min ruwan firij a gadon baya. A cikin kayan baƙon nan akwai ɗan abin da yake ba ta ciki intanet. Ta intanet ɗin nan nake shiga. Da hannuna na ja ƙofa na kulle, makulli yana ciki, ni ina Madina.

Abin takaicin, na san wannan. Ba sabon ilimi ba ne a wurina. Sababbin ma'aikata nawa na yi wa faɗa a kansa a ofis, ina kaɗa kai ina cewa yaran yanzu ba sa tunani.

Maimakon in faɗi gaskiya, sai na ɗora wa intanet ɗin Madina laifi, na ce dama unguwar nan sabis ɗinta sai a hankali. Basiru ya kawo wayarsa na haɗa, ba labari. Wani ya miƙo tasa ta wani layin daban, ba labari. Har cewa na yi a rage sifikar kiɗa tana hana sabis zama. (Aka rage kuwa. Mata suna tsakiyar rawa aka rage, saboda ƙaryata. Allah ya yafe min.) Da wurin ya yi tsit, sai Alhaji Issaka ya sunkuyo, ya yi magana a hankali yadda ba kowa zai ji ba.

“Ɗana, kayan nan da ka cire, ba ta cikinsu kake shiga ba?”

Mai sayar da takalma fa. Na ce masa abin ya fi haka zurfi, sai wanda ya karanta. Ya ce to, Allah ya sawwaƙe. Ya miƙa hannu a nitse ya ɗauki wayarsa da ba ta caji daga gabana, ya mayar aljihu, ya ci gaba da cin abincinsa.

Na koma gefe na kira Anti. Ta ce allon ta ciki ya tsuke ya koma kamar tafin hannu, maus ya shiga ya ƙi fita, folda kuwa har yanzu babu. Ƙarfe sha ɗaya da 'yan mintuna ne. A nan ya kamata in ce, Anti na yi ɓarna, zauna in gaya miki abin da za ki danna. Bakina ya ƙi. Na ce mata haka ake so, aikin ne yake tafiya, ta dai bar komai yadda yake kada ta taɓa. Na dawo na zauna ina ta danne-danne a laftof, ina buɗe abubuwa ina rufewa don a ga ina aiki, alhali na san ko zan kwana a wurin ba abin da zai buɗe. Ta sake kira, na ce saura kaɗan. Ta kuma kira, na ce saura ƙiris. 'Yan kallo suka zame ɗaya bayan ɗaya, aka mayar da kiɗa. Sha biyu ta wuce da kwata na rufe laftof, na ce wa Basiru zan zagaya, na bi ta bayan rumfa na fice ko sallama babu.

Wanda ya san tashar Madina ranar Lahadi ya san trotro, ƙaramar bas ɗin haya, ba ta tashi sai ta cika, kuma ranar ba mai sauri sai ni. Na zauna kusan rabin awa ina ƙirga kujerun da suka rage, met, wato yaron mota, yana ta kiran Nima, Nima, kamar yana rera waƙa. Da muka tashi kuma muka faɗa cikin masu tasowa daga coci, ko'ina mota. Wata mata ta ɗora roba a cinyarta kusa da ni, ruwan kifi yana ɗiga a kan shaddata. Anti ta sake kira, na kai hannu zan ɗauka, wayar ta mutu, intanet ɗin da na yi ta ja ya shanye cajin.

A cikin motar nan ne tsoro na gaske ya kama ni. Na daina tunanin Alhaji Issaka. Na fara ganin Anti a tsaye gaban Hajiya Memuna hannu wofi, da Samira tana shiga taro da mayafin aro, ana tambaya ina wanda Anti Zulai ta yi wata guda tana magana a kai. Matar nan ba ta taɓa saɓa wa mai aiki rana ba, da wannan aka san ta a Nima, kuma yau za ta saɓa wa 'yar da ta goya saboda ni ina son a tafa min. Na yi ta salati a zuci, na yi wa Allah alkawura da yawa waɗanda har yau ban gama cikawa ba.

Biyu da rabi na sauka. Na tattare shadda na bi lungu da gudu, jaka tana dukan bayana, ina tsallake kwata, ina haɗa kalmomin ban haƙuri a kaina. Ina karyo kwanar layin sai na ji wani sauti da na sani, tak-tak-tak-tak. Na tsaya na kasa kunne. Injin Anti ne, kuma aiki yake yi.

Na leƙa. Mata biyar a shagon, huɗu sun sha yayi kore na bikin, wato ankon da 'yan uwa da ƙawaye suka ɗinka, Hajiya Memuna a tsakiyarsu. Anti tana tsaye a kan inji da tabarau a karan hanci, allura tana zuba zaren gwal a farin mayafi. Na kalli kwamfuta, allon ta ciki ya cika fal, ga folda nan zaune kamar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba. Anti ko ɗagowa ba ta yi ba.

“Sannu da zuwa, Injiniya. Ya mutanen Madina?”

Na tsaya a bakin ƙofa ina haki, ina warin kifi. Na tambaya wa aka kira ya gyara. Hajiya Memuna ta ce wa kuwa za a kira, tunda babban injiniyan zango wayarsa a kashe. Anti ta miƙa hannu ƙarƙashin tebur ta zaro wani littafin rubutu irin na 'yan makaranta, bangonsa duk man keke. Ashe tun ranar da na haɗa mata kwamfutar, da duk zuwan da nake yi gyara, rubutawa take yi. Ni mutum ne da ba na iya aiki shiru, ina yi ina bayani don a san ana yi, ita kuwa tana gefe da biro. Ni duk zatona awon masu ɗinki take rubutawa.

Ta ce ta jira ni har ɗaya da rabi, tunda na ce kada ta taɓa komai. Da ta kira ta ji waya a kashe, ta yi bisimilla ta buɗe littafi. Hajiya Memuna tana karantawa, ita tana dannawa. Ga maɓallin da ake dannawa maus ya fito in ya maƙale. Ga inda ake zuwa a ta waje a ce a saka wa ta ciki faifan kayan baƙo. In maus ya ƙi, ga yadda ake tafiya da maɓallai kawai. A bar shi ya gama, a kashe a kunna, a jira, kada a yi gaggawa. Minti ashirin suka yi, folda ta dawo. Mata biyu da ko sunan abin ba su damu su sani ba.

Na fara murmushi ina cewa ai dama na san koyarwata ba za ta tafi a banza ba. (Kun ga halin nawa ko? Ina cikin rami ina neman a yaba min.) Anti ta ɗaga hannu ta ce in dakata, akwai wuri ɗaya a littafin da ba ta gane ba, tana so in fassara mata. Ta buɗe wani shafi ta miƙa wa Hajiya Memuna. Hajiya ta gyara murya, ta karanta dalla-dalla kamar mai sanarwa a masallaci.

“Injiniya ya ce, kada a taɓa cire kayan baƙo daga nesa, intanet yana ciki. Ya ce kwasiya ne kawai yake yin haka.”

Ga wanda bai ji Twi ba, kwasiya wawa ne, amma ya fi wawa nauyi, ba a faɗa wa mutum shi a rabu lafiya. Hajiya ta juyo da littafin ta nuna min. An ja layi biyu a ƙarƙashin kalmar.

“Kai ka ce in ja layi,” in ji Anti. “To yau wa ya cire mana?”

Shagon ya ɗauki dariya. Wata sai da ta riƙe ƙofa, wata ta zauna a kan buhun yadi tana share hawaye da bakin gyale. Mai sayar da koko ta maƙwabta ta leƙo ta tambayi me ake yi, aka sake karanta mata daga farko. Na so ƙasa ta tsage in shige da ni da laftof. Na tuna ranar da na faɗi maganar, ina zaune a kan kujerar nan ina kaɗa ƙafa, ina jin kaina. Ba inda zan bi. Na sunkuyar da kai na ce, “Ni ne, Anti.”

Ta ce to madalla, an samu mai laifi, sai a ba shi aiki. Ta miƙo min ɗan almakashi ta ce in zauna in riƙa yanke zaren da yake saura a bayan fure. Haka na zauna a kan benci da farar shaddata mai taswirar ruwan kifi, ina tsinke zare ɗaya bayan ɗaya, matan suna ta shawara a kaina ko za a ɗauke ni koyon aiki. Kuma abin mamaki, hankalina ya kwanta. Inji yana tafiya, fanka tana juyawa, wata ta ba ni ruwan leda mai sanyi na shanye nan take. Huɗu saura ashirin allura ta tsaya. Anti ta cire mayafin ta goge, ta naɗe a farar takarda.

Su Hajiya suka yi gaba a tasi don su shirya amarya, ni da Anti muka bi lungu da ƙafa, tunda Maamobi ba nisa. Ni na riƙe mayafin, da hannu biyu. A hanya na ce mata gaskiya aikin ya yi kyau, ban taɓa ganin fure irin wannan ba. Sai da muka wuce wani masallaci sannan ta ce kusurwa biyu kawai ta yi. Sauran biyun da reshen bakin duk ta cire, lokaci bai kai ba. Ta zaɓi biyun da za su faɗo ta gaba in amarya ta yafa.

Ban lura ba sam, ni da na yanke zaren. Sati uku tana zana reshen nan. Na ce, Anti ki yafe min. Ba ta yi faɗa ba, ko murya ba ta ɗaga ba.

“Cirewan ba komai ba ne, ɗana, kowa yana kuskure. Da ka gaya min tun sha ɗaya, da mun gama shi duka.”

Wannan ta fi dariyar matan nan biyar shiga jikina.

Samira ta shiga taro da mayafinta, ana ta guɗa, ana ɗaukar hoto. Ta rungume Anti ta ƙi saki har kwalliyarta ta fara lalacewa. Kowa yana yaba furannin, mata suna tambayar lambar shago. Anti tana ta fara'a, kuma na san farin cikinta na gaske ne. Ni ma na samu kujera a can baya, aka kawo min jalof na ci na ƙoshi, don rabona da abinci tun ganyen da na bari a Madina. Sai dai daga inda nake zaune bayan amarya nake gani, inda mayafin yake fari fat ba ko ɗigon zare.

Bayan biki Anti ta ce a dawo da shi ta ƙarasa. Samira ta ce a'a, yadda ta sa shi ranar aurenta haka take so ya zauna. Yana nan a akwatinta da kusurwa biyu babu fure, kuma duk duniya mu uku ne, ni da Anti da Samira, muka san wa ya jawo wannan giɓin.

Washegari na je na saka manhajar leƙe a ta waje, aikin da bai ci minti goma ba. Na kuma koyi abu biyu. Na farko, in ka yi ɓarna ka faɗa da wuri, tun ana iya ƙarasa sauran furannin. Na biyu, in za ka zagi wawa a gaban mai riƙe da biro, ka fara bincikawa ko kai ne.